Saurayina Gwanin Mutuwa Ne

Kafin ku cika min ƙasan rubutun nan da ta'aziyya, bari in faɗa tun da wuri: Kasule yana nan da ransa, jiya ma a gabana ya tashi da gurasar capati da ƙwai har yana neman ƙari. Mutuwa sana'arsa ce kawai. Duk fim ɗin faɗa da ake ɗauka a unguwarmu ta Kawempe a birnin Kampala, in kuka ga an harbi wani ya gangaro daga saman kwano ya dira cikin kwata, to wannan shi ne mutumin da nake so in aura.

Sunana Nuru Nansamba. Mahaifina, Bumbakali Matovu, wanda nake kira Taata, shi ke da gidan kallon nan na katako da ke bayan kasuwa. Ni ce mai zama a bakin ƙofa ina sayar da tikiti da gyaɗa tun bayan rasuwar Maama. Aikin Taata fassarar fim ne. Zai zauna gefen talabijin da makirufo a hannu, ya rage muryar fim ɗin ya ɗora tasa, yana gaya wa mutane abin da 'yan wasa ke faɗa, da abin da ya kamata su faɗa, da kuma ra'ayinsa game da iyayensu. Ko fim ɗin da aka yi da yarenmu ma sai ya fassara shi, wai 'yan wasan ba su san abin da suke nufi ba. Mutane ba fim suke zuwa kallo ba, bakin Taata suke zuwa ji.

A wurinsa duniya duka fim ɗin faɗa ce, kuma kowa da matsayinsa. Akwai akta, akwai bos, akwai abokin akta da ake kashewa don akta ya samu dalilin yin fushi. Sai kuma sauran jama'a marasa suna, waɗanda ake zubarwa kamar wake. Mai gidan hayarmu ƙaramin bos ne. Ƙanwar Taata kuwa, wato gwaggona Senga Namatovu, ita yake kira bos ɗin ƙarshe, amma fa sai ya leƙa ya tabbatar ba ta kusa. In fim na Cainis ne, ƙafa yake kallo. In na sojoji ne, yana lura da bindigar da ba ta ƙarewa da harsashi. Abin da ya fi ƙauna a duniya kuwa shi ne ya kama kuskure: agogo a hannun mutumin zamanin da, ko rigar da ta yage a nan ta ɗinke kanta a can. Nan take zai danna rimot ya tsayar da fim, ya tashi ya nuna da ɗan yatsa.

Kasule kuwa, Taata ne ya raɗa masa sunan da ya bi shi. Da zarar fuskarsa ta bayyana sai ka ji ta lasifika: "Ga Marigayi nan ya iso, a fara haƙa." Ɗaki ya ɗauki dariya. Yau ko yaran unguwa ba su san sunansa na yanka ba.

Haɗuwarmu ma a kan gawarsa aka yi ta. Ina zaune bakin ƙofa ina ƙulla gyaɗa, yana tahowa, sai salansar wani boda, wato babur ɗin acaba, ta buga, tau! Mutumin nan ya dafe ƙirji, ya juya sau ɗaya, ya zube cikin taɓo a gabana. Na watsar da faranti na yi kansa ina salati. Sai ya buɗe ido ɗaya.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," ya ce. "Jiki ne ya saba."

Na so in kwaɗa masa farantin. Maimakon haka na tsinci kaina ina dariya har da hawaye, shi kuma ya durƙusa yana tsince min gyaɗar ɗaya bayan ɗaya yana hurewa. Kar ku tambaye ni yadda aka yi. Ni dai na san tun daga ranar nake gane sawunsa tun kafin ya sha kwana.

A al'adarmu yarinya ba ta tunkarar ubanta da maganar namiji. Wurin Senga, wato ƙanwar uba, ake kai ta, ita ke tantance mutum, a gidanta yake fara zuwa gaisuwa, ita ce kuma ke kai magana gaba. Sai na hau boda na tafi unguwar Bwaise, gidanta da ke manne da garejin masu gyaran babur, na durƙusa a tabarma muna magana muna ɗaga murya saboda ƙarar injuna. Da na ambaci sunan, sai ta ajiye wuƙar da take feraye matoke, ɗanyar ayabar da muke dafawa, da ita.

"Wane Kasule? Ba dai Marigayi ba?"

"Shi, Senga."

"Ke Nansamba, maza sun ƙare ne kika koma maƙabarta? Ga Walusimbi nan, yaro kamar ƙofar gari, hotonsa a kowane bango. Jiya ma ya aiko min da sukari."

Walusimbi shi ne aktan duk finafinan unguwa. Kafin a kunna kyamara sai an shafe masa ƙirji da man gyaɗa har ya riƙa ɗaukar ido. Fuska ɗaya gare shi: da ita yake fushi, da ita yake soyayya, da ita yake karɓar labarin an ƙone ƙauyensu. Ya daɗe yana turo min saƙo a waya, kuma ba ya wuce hoton damtsensa. Ranar nan ya rubuto: "Barka da asuba. Wannan na dama ne." Da ban amsa ba, da azahar sai ga na hagu.

Na dai nace, na yi kuka, na ƙi cin abinci a gidanta, har Senga ta yarda za ta kai maganar, amma ta ce kar in sa rai za ta sa mata gishiri. Ranar Juma'a ta iso cikin doguwar rigarta ta gomesi ruwan toka, kafaɗun nan a tsaye kamar za su tsokane ido, ɗamara ta sha ƙulli. Taata na kan kujerarsa da farar kanzu, jallabiyar mazanmu, bai ko cire hular masallaci ba. Ni ina durƙushe can kusa da labule, kaina a ƙasa, kunnena a sama.

Da ta faɗi sunan, Taata ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na kawo ruwa.

"Yaron da ko gyaɗar mutum ba ta ƙarewa kafin a kashe shi?" ya ce yana share ido. "Ranar ɗaurin aure in wani ya buɗe kwalbar lemo fa? Mu yi walima ko mu yi jana'iza?"

"Na gaya mata," in ji Senga.

"Taata, mutumin kirki ne," na ce a hankali, duk da bai kamata a ji muryata ba.

"Na sani, ai masu kirki ake fara kashewa." Ya gyara zama, ya koma muryarsa ta makirufo. "To ki ji, ga gwaggonki shaida. Ranar da na ga yaron nan ya kai ƙarshen fim da ransa, yana tsaye a kan ƙafafunsa har sunaye suka fara hawa, ranar zan karɓi mutanensa. In ba haka ba, a bar maganar."

Senga ta yi murmushin wanda aka biya wa buƙata. Kafin la'asar ta ba mai kifi labari, mai kifi ta ba masu boda, kafin magariba duk Kawempe ta san sharaɗin Matovu. Har masu caca suka samu abin yi.

Darakta ɗaya gare mu a unguwa, Kiyimba, mai walda ne da safe. Shi ke ƙera bindigogin da guntayen fayif ya shafa musu baƙin fenti, kuma a bayan gidansa akwai jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da tsohon kwano, kaji na kwana a ciki. Kasule ya yi ta zarya wurinsa yana roƙo. Kiyimba ya ce wannan ai ɓarnar baiwa ce, mutumin da Allah ya ba shi faɗuwa ya ce shi tsayuwa yake so. Daga ƙarshe dai ya tausaya, ya ba shi matsayin abokin akta a sabon fim, ya kuma rantse wannan abokin ba zai mutu ba. Za a harbe shi a kuskure shi, ya faɗa bayan durom, a ƙarshe ya fito su rungume juna da Walusimbi.

Don murna na shiga kasuwar gwanjo na saya masa jan kambas mai igiya ruwan ɗorawa, irin wanda makaho ma zai hango. Na ce ya sa shi a fim ɗin, don kar Taata ya ce bai gane shi ba.

Ranar ɗaukar wurin harbin, tun safe muke musayar saƙo.

"Ka ci abinci?"

"Na ci. Ina ta maimaitawa a raina: durom, durom, durom."

"In ka ji ƙara me za ka yi?"

"In faɗa bayan durom."

"Ba ƙasa ba."

"Ba ƙasa ba, Nuru. Ki yarda da ni."

Bayan azahar wayata ta yi ƙara ina tsakiyar ba wani canji. Na duba.

"An samu ɗan kuskure."

Na kira shi nan take. Da ƙyar ya iya haɗa zancen. Wai komai na tafiya daidai, bos ya ɗaga bindiga, shi kuma idonsa na kan durom. Sai mai yin ƙarar harbi ya maka guduma a kan kwano. Bai san lokacin da hannunsa ya kai ƙirji ya fasa balan-balan ɗin jan ruwan da ke cikin rigarsa ba, wanda aka ɗaura masa don wani rauni na can gaba.

"Kuma ka faɗi," na ce.

"Na tuna da ke ina cikin faɗuwa. Na yi ƙoƙarin in fasa, wallahi na yi. Jikin ne ya ƙi."

"Sai a sake ɗauka mana!"

"Kiyimba ya ƙi. Kuka yake yi. Ya ce tunda ya fara fim bai taɓa ɗaukar abu mai kyan wannan ba, ko uwarsa ce ta roƙe shi ba zai goge ba. Ya ce yanzu ma labarin ya samu ƙashin baya, Walusimbi ya samu abin ramawa."

Jama'a, na zauna a kan akwatin lemo na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya. Ina son mutumin nan har cikin raina, kuma a wannan lokacin da yana kusa da na shaƙe shi, ya yi ta gasken sau ɗaya.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani game da finafinanmu. 'Yan wasa ba su da yawa, don haka wanda aka kashe ba ya tafiya gida. Zai wanke jan ruwan, ya zura hular rufe fuska, ya dawo a matsayin yaron bos a sake kashe shi. Kayan da mamaci ya sa kuma buhu ake mayar da su, mai rai ya ɗauka, ba mai fita da komai sai an gama fim. Kasule ya saba mutuwa ya dawo har sai rana ta faɗi. Amma a wannan karon, garin ƙoƙarin fasa faɗuwa ya gurɗe idon sawu. A boda aka kai shi gida ba takalmi, bai sake taka wurin ba har aka kammala. Jan kambas ɗina ya zauna a buhu.

Ranar Lahadi da rana aka fara nuna fim ɗin a gidan kallonmu. Ban taɓa ganin cika irin wannan ba, har kan taga mutane suka hau. Senga, wadda ke cewa gidan kallo matattarar 'yan iska ce, ta zo cikin koren gomesi mai sheƙi ta kame a bencin gaba da jakarta a cinya. Walusimbi na gefenta da baƙin tabarau a cikin duhu, yana ta karo da gwiwoyin mutane. Kasule ya ɗingiso ya zauna a bencin ƙarshe dab da teburina, ya sa rigarsa mai kyau kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ni na sa doguwar rigata shuɗiya da ɗan kwali, na shafa hoda sosai don kar a ga na kwana ina kuka.

Taata ya hura makirufo, fim ya tashi.

"To ga aktanmu nan, an shafe shi da mai kamar za a gasa. Matan gida, wadda man girkinta ya ɓace ta san inda za ta nema." Dariya. Walusimbi ya ɗaga hannu yana gaisuwa, shi a zatonsa yabo ne. "Wannan kallon da yake yi, wai yana tunanin ƙasarsa ne. Ku riƙe shi da kyau, shi za ku gani har a tashi."

Sai ga Kasule ya shigo da jan takalmi.

"A'a, Marigayi! Yau har da sabon takalmi? Allah sarki, ko wa zai gada."

Mutane suka juyo suna kallona suna dariya. Na sunkuyar da kai ina gyara gyaɗar da ba ta buƙatar gyara.

Fim ya yi ta tafiya, ana ta naushi ana tsalle, jirgin kaji ya tashi sama da ikon kwamfuta. Kasule na nan da rai. Gyaɗar mutane ta ƙare suka sayi wata, yana nan. Ɗaki ya fara ƙus-ƙus. Har Taata ya ce, "Yaron nan yau ya sha wani abu." Ni da shi kuwa mun san abin da ke tafe.

Aka iso wurin durom. Bos ya ɗaga bindiga. Tau.

Ban taɓa ganin wurin ba sai ranar. Kasule bai juya ba, bai yi tsalle ba, bai yi ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya saba ba. Ya kai hannu ƙirji, ya duba tafinsa kamar wanda aka ba shi saƙon da ba nasa ba. Ya ɗaga ƙafa zai taka zuwa durom, ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa. Ana ganin mutum yana roƙon jikinsa ya tsaya, jikin yana ba shi haƙuri. Sai gwiwa ta karye, ya zauna a hankali, ya ɗago ya kalli abokinsa kamar mai jin kunyar zai tafi ya bar shi da aiki. Ya buɗe baki zai yi magana, bai samu yi ba.

Ɗakin nan ya yi tsit. Na jira muryar Taata, ban ji ba. Tunda nake ban taɓa ganin an yi mutuwa a talabijin ɗin nan bakinsa na rufe ba. Makirufo na hannunsa, ya sauke shi kan cinya. Wata mata a tsakiya ta ja majina. Sai da aka nuno Walusimbi ya durƙusa kan gawar yana jijjiga, sannan Taata ya yi gyaran murya.

"Wannan kuma kuka yake yi ko atishawa ce ta maƙale masa?"

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Senga ta waiwayo ta neme ni da ido, ta ɗaga min gira. Maganar aure ta mutu tare da shi a gaban kowa. Kasule ya sunkuyar da kai. Sauran fim ɗin ban san me aka yi ba. Na dai ji Walusimbi ya kashe kusan rabin Kampala.

A ƙarshe ya jefo bos daga saman bene, yaran bos masu rufaffiyar fuska da suka rage suka zubar da bindigogi suka ɗaga hannu. Kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa, mutane suka fara miƙewa. Sai hoton ya tsaya cak.

"Dakata, dakata. Kowa ya zauna." Taata ya miƙe da rimot a hannu. "Kiyimba, kana ina? Ka raina mana hankali. Jama'a ku dubi na ukun nan daga hagu, ku dubi ƙafarsa."

Jan kambas, igiya ruwan ɗorawa.

"Mutumin da muka binne ɗazu, muka yi masa kuka, ga shi nan ya sa hula ya koma wurin waɗanda suka kashe shi. Ko takalmi ba a canza masa ba. Marigayi ne wannan, ko a lahira na gan shi zan gane shi. Ga shi nan tsaye ƙiƙam!"

Aka fashe da dariya. Sai wani mai boda daga kan taga ya ce, "Tsaye ka ce, Matovu?"

"Tsaye mana, ba ka da ido?"

"To ai ga sunaye can suna hawa."

Sai ɗaki ya kece. Ana buga benci, ana ihu, "Ya kai ƙarshe! Da bakinka ka faɗa!" Mai kifi har da guɗa. Senga ta miƙe tana cewa wannan ai maguɗi ne, amma wa zai ji ta? Ita ta raba sharaɗin gida-gida, yanzu kowa ya zama shaida. Walusimbi ya cire tabarau yana tambayar na kusa da shi me ya faru.

Ni kuwa na san ƙafar da ke cikin takalmin nan ba ta Kasule ba ce. Na juya, sai na ga bawan Allahn nan ya dafa benci yana miƙewa, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Kasule bai iya ƙarya ba, ko canjin da ya wuce nasa aka ba shi sai ya dawo da shi.

"Yallaɓai," ya fara, "gaskiya wannan ba..."

Na damƙo gefen rigarsa. "Zauna."

"Nuru, ba ni ba ne, ina gida ranar."

"Na sani. Kasule, in kana sona, ka mutu."

"Yanzu?"

Na ɗaga farantin gyaɗa na maka shi a kan tebur da duk ƙarfina. Allah ya yi wa wannan jiki albarka. Ya dafe ƙirji, ya juya, ya zube tsakanin benci biyu, ƙafa ɗaya a sama. Mata suka yi kansa da mafici. Taata ya daɗe yana kallonmu ta saman kawunan mutane, sannan ya kai makirufo baki.

"A ba shi iska," ya ce. "Murna ce."

Da yamma na dafa matoke da miyar gyaɗa, na kwance ganyen ayaba, na durƙusa na zuba wa Taata. Ya wanke hannu, ya kai loma biyu, yana kallon kwano.

"Wancan mai jan takalmin," ya ce, "bahago ne. Da hagu ya ajiye bindiga. Kuma takalmin ya yi masa yawa, dunduniyarsa na fita."

Cokalin miya ya tsaya a hannuna.

"Tun ba a haife ki ba nake kallon ƙafafun 'yan wasa, Nansamba. Kina zaton ban san ƙafar Marigayi ba?"

"To me ya sa, Taata?"

Ya gutsuri matoke ya ajiye bai ci ba.

"Duk wanda zai mutu a fim, kyamara yake nema, yana so a ga fuskarsa. Yaron nan kuwa abokin da zai bari ya kalla." Ya share hannu a tawul. "Haka mahaifiyarki ta kalle ni a asibiti, kamar ita ce ta yi min laifi. Ban taɓa ganin wanda ya san wannan kallon ba sai yau. Na riga na yi magana a gaban gwaggonki, ba zan iya janyewa ba. Sai na ga takalmi."

Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da na riƙe tun rana. Bai hana ni ba, ya ci gaba da cin abincinsa. Sai da na lafa ya ce, "Amma ta biyun nan, ta cikin gidan kallo, ki gaya masa ya yi gaggawa. Gwiwa ce ke fara karyewa kafin kafaɗa. Kuma ke kin buga farantin da wuri."

Ina dariya ina share hawaye wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Senga. Na kunna a hankali, amma muryar Senga ba ta san hankali ba.

"Nansamba, ubanki ya yi magana, ba zan ƙaryata yayana a gaban jama'a ba. Amma ni ba a fim nake aurar da 'ya ba. Namijin da murna ke kayarwa, ranar da aka tsayar da shi gaban dangi me zai yi? Ki turo min shi gidana ranar Asabar da hantsi, ya sa kanzu da kwat, ya tsaya a gabana in yi masa tambayoyina. In gwiwarsa ta taɓa ƙasa kafin in sallame shi, ko sau ɗaya, na rantse da kabarin uwarmu sukarin Walusimbi zan sha."

Taata ya tsame hannu daga kwano ya dube ni, na dube shi. A bayan muryarta, cikin saƙon, muna jin masu garejin da ke manne da gidanta suna ta murza wani tsohon babur, yana tari yana tari, sannan salansa ta buga.